Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin ABC: Shagon Gidan Kim Da Kuka Rufe a 1995

Zuwa ga shugabannin tashar talabijin ta ABC da na kamfanin Disney mai mallakarta,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, dalilin wannan takarda shi ne wani shirinku na barkwanci da bai yi tsawon rai ba, All-American Girl. Kun fara nuna shi ranar Laraba 14 ga Satumba 1994, kuka nuna kashi na 19 ranar 15 ga Maris 1995, daga nan aka naɗe tabarmarsa. Na san akasarinku ba ku hau waɗannan kujeru ba a lokacin, wataƙila wasunku ma suna makaranta. Amma tashar taku ce, Touchstone Television da ya shirya wasan kuma na Disney ne tun wancan zamani, don haka babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa sai taku.

Ni ɗan mai shago ne, a bayan kanta na tashi. Shi ya sa da na ji labarin wasan wasu baƙi 'yan Koriya masu shagon littattafai a San Francisco, na nemi faifan DVD ɗinsa da aka fitar a 2006 na kalla. Na yi dariya a wurare da dama, na kuma tashi da takaici. Maganata ɗaya ce. An damƙa muku iyali da shago, wurare biyu da labari ba ya ƙarewa a cikinsu, kuka ƙi amincewa da ko ɗaya, da al'amari ya lalace kuma kuka ɗora wa iyalin laifi.

Bari in tuna muku abin da ke hannunku a lokacin. Margaret Cho, jarumar shirin, tana da shekara 25, haifaffiyar San Francisco, ta riga ta yi suna a barkwancin dandamali, irin wanda mutum ɗaya ke tsayawa da makirufo ya riƙe ɗaki guda na sa'a ɗaya. A shekarar 1994 ɗin ta karɓi lambar American Comedy Award. Gary Jacobs, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya tsara mata gida, gidan Kim, ita kuma ta fito a 'yar gidan mai suna Margaret: uba Benny da uwa Katherine masu shagon, wa Stuart likita mai biyayya, auta Eric, sai kaka wadda ba ta ɗaga ido daga talabijin. 'Yan wasan ma ba na banza ba ne. BD Wong da ya fito a Stuart ya ci lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasan kwaikwayon dandamali, tun 1988. Amy Hill da ta fito a kaka ita ce ta fi kowa ba ni dariya, duk da cewa a zahiri shekarunta 41 a lokacin, ta ma fi Clyde Kusatsu da ya fito a ɗanta ƙuruciya.

Abin da ya fi duka wannan muhimmanci shi ne shagon ba ƙirƙira ba ne. Iyayen Margaret Cho na gaske sun riƙe shagon littattafai mai suna Paperback Traffic a titin Polk, unguwar da a wancan zamani ta tara mutane iri-iri waɗanda baƙo daga Koriya bai taɓa ganin kamarsu ba. Mahaifinta marubucin littattafan barkwanci ne da harshen Koriya. Ku dubi wannan da kyau: mutumin da sana'arsa sa mutane dariya da wani harshe, yana tsaye a bayan kanta yana sayar da littattafai da wani harshen daban, 'yarsa kuma tana girma tsakanin ma'aikatan shagon da masu shigowa, tana kwasar magana daga kowane baki. Marubuci zai yi shekara goma yana neman irin wannan bai samu ba. Ku kuwa kyauta ta zo muku.

Lokacin ma ya dace. Tun da Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965, 'yan Koriya suka riƙa shigowa da yawa. Da damansu masu digiri ne, amma takardunsu ba su yi musu aiki ba, harshe kuma ya tsaya musu a gaba, sai suka koma ga ƙananan sana'o'i: shagon kayan lambu a New York, kantin unguwa da gidan wanki da guga a Los Angeles. Jarin daga ajiyar da suka zo da ita ne, da adashin da suke yi a tsakaninsu, da guminsu da na matansu da 'ya'yansu. Sai ga 29 ga Afrilu 1992, ranar da kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, duka, Los Angeles ta kama da wuta. Mutane sama da 50 suka mutu. Shaguna fiye da 2,000 na 'yan Koriya aka ƙona ko aka wawashe, asarar ta kai kusan dala miliyan 400. Hoton da ya zauna a zukatan Amurkawa bayan wannan shi ne na mai shago Bakoriye a kan rufin kantinsa riƙe da bindiga. Shekara biyu kacal bayan haka kuka samu damar shigar da Amurkawa cikin gidan mai shago Bakoriye kowace Laraba da daddare, su gan shi yana cin abinci, yana faɗa da 'yarsa, yana lissafin ciniki. Ba na jin an taɓa ba wata tasha dama irin wannan.

Me kuka yi da shagon? Kusan babu. Yawancin wasan a falo da ɗakin girki yake. Ita jarumar kuka kai ta aiki wani babban kanti, wajen sayar da kayan kwalliya, tare da ƙawayenta Turawa. Kashi na farko ma a kan saurayi ne: uwa na son Bakoriye, 'ya ta kawo Bature makanike. Daga nan aka yi ta juya wannan tuwon, uwa mai tsauri da 'ya mai taurin kai, har ya huce.

Ga abin da wanda ya tashi a shago ya sani. Mahaifina littattafan makaranta yake sayarwa, da biro da alli da takardun rubutu. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a aljihun tebur, ƙarƙashin gwangwanin canji. Makon komawa makaranta, mutum zai shigo da takardar da aka rubuto masa jerin littattafai, a tara masa su a kan kanta, a faɗi kuɗi, ya sa hannu a aljihu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai ya fara ture na lissafi gefe yana cewa wannan a bari sai wani wata. Mahaifina ba ya kallon kuɗin, fuskar mutumin yake kallo. Wani ya ce masa tafi da su, in Allah ya hore ka kawo. Wani kuma ya yi shiru ya bar shi ya ture. Da daddare mahaifiyata za ta tambayi nawa aka yi, ya faɗi adadi, ta ce a hannu ko a baƙin littafi? Bayan wata biyu ni za a aika karɓo bashin, sau da yawa gidan ɗan ajinmu, in yi sallama shi ya leƙo, kowa ya san abin da ya kawo ni, mu tsaya muna maganar ƙwallo. A cikin wannan kaɗai akwai dariya, akwai kunya, akwai rigimar miji da mata, akwai sanin wane ne wane a unguwa. Shago ƙofa ce a buɗe, kowa da ke gari sai ya shigo ta cikinta wata rana, kuma wasan barkwanci ba ya buƙatar abin da ya wuce haka.

Ɗan baƙo mai shago a Amurka yana da ƙari a kan nawa. Shi ne tafintan gidan. Yana ɗan shekara goma zai karanta wa ubansa takardar haraji, ya amsa wayar mai gidan haya, ya tsaya yana jin mai saye na kwaikwayon Turancin mahaifiyarsa, sa'an nan ya yanke wa kansa ko zai fassara mata zagin ko zai haɗiye. Yana kuma sane cewa duk wahalar da ake sha don kada ya gaji shagon ake sha, alhali ranar da ya ce ba ya son shagon za a ji haushinsa. Margaret Cho ta san wannan rayuwa ciki da bai. Kun rubuta a jikin shirin cewa daga barkwancinta aka samo shi, amma ba ku ba ta ikon faɗa a ji a kan rubutun ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Cikin manyan 'yan wasan, ita kaɗai ce 'yar asalin Koriya. Sauran asalinsu Japan ne ko Sin. Wannan ba zai zama illa ba da a ce akwai Bakoriye cikin masu rubutu ko masu ba da umarni ya riƙe ragama, amma babu. Sakamakon ya fito fili. 'Yan Koriya mazauna Amurka, waɗanda suka fi kowa ɗokin shirin, suka zauna gaban talabijin suka ji ana wani abu wai shi harshen Koriya ba su gane ba, suka ga al'adun da aka tsinto daga nan da can aka haɗa aka ce nasu ne. Suka yi ca. Maimakon ku ɗauko marubutan da suka san gidan, sai, kamar yadda Cho ta sha faɗa, aka ce ita ce ba ta cika 'yar Asiya ba, aka ɗauko mai ba da shawara ya koya mata yadda ake zama 'yar Asiya. A koya wa 'yar gida yadda ake zama 'yar gidansu! Daga baya kuma maganar ta juye, aka ce Asiyancin ya yi yawa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma ba zan iya tsallake shi ba. Ita da bakinta, a wasanta na dandamali I'm the One That I Want da ta fara a 1999, ta ba da labarin cewa kafin a fara ɗauka an kira ta an ce mata fuskarta ta cika faɗi a kyamara, sai ta rage ƙiba. Yarinya ce mai shekara ashirin da 'yan kai, ta ga ƙofar da ba a taɓa buɗe wa irinta ba, tana tsoron a rufe. Ta zubar da kusan kilo 14 cikin mako biyu. Ƙodarta ta tsaya, aka kwashe ta zuwa asibiti. Duk wannan don ta dace ta fito a matsayin kanta, a wasan da aka gina a kan rayuwarta. Ta kuma faɗi yadda ta faɗa shaye-shaye bayan an soke shirin, da wahalar da ta sha kafin ta farfaɗo. Duk sanda na sake kallon kashi na farko, na ga yadda take murmushi a cikinsa, sai in kasa dariya.

Da masu kallo suka fara raguwa, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Ba a ce rubutun ne ya yi rauni ba, aka ce iyalin ne matsala. Tashar NBC ta fara Friends ranar 22 ga Satumba 1994, kwana takwas bayan naku, kasuwarsa ta buɗe, sai kuka so naku ya koma kamarsa. Aka fara da mayar da Margaret ɗakin ƙasa don a rage ganin iyayen. Aka gayyato manyan baƙi irin su Oprah Winfrey da Quentin Tarantino. A kashi na ƙarshe aka share uba da uwa da 'yan'uwa maza biyu gaba ɗaya, aka zaunar da ita gida ɗaya da samari Turawa uku. Shagon ya tafi tare da masu shi. Shirin da aka tallata da cewa na iyalin 'yan Asiya ne ya ƙare ba iyalin a ciki sai kaka, sa'an nan aka soke shi duk da haka.

Za ku ce kasuwa ce, shirin da ba a kallo ba a riƙe shi. Na yarda talabijin kasuwa ce, ɗan kasuwa ne ya haife ni. Amma ku dubi maƙwabcinsa a cikin gidanku. A watan Maris na 1994 kun fara wani shiri da shi ma aka gina a kan mai barkwancin dandamali, Ellen DeGeneres, shi ma Touchstone ya shirya, ita ma jarumar a shagon littattafai take. Bai zauna daidai ba da farko. Kuka sauya masa suna daga These Friends of Mine zuwa Ellen, kuka sauya 'yan wasa, kuka yi ta gyara, ya kai har 1998. Roseanne Barr kun bar ta ta yi faɗa a kan rubutun shirinta har ta yi nasara, shirin ya zama na gaba-gaba a ƙasar. NBC ta riƙe Cheers a 1982 lokacin da yake can ƙasan jerin masu kallo, ya yi zango 11. Ashe haƙuri yana nan, wasu ne ake yi wa shi.

Ba zan hana ku naku ba. Kun buɗe ƙofar da wasu tashoshi ba su buɗe ba. Wasu daga cikin masu sukar ma sun tsananta, sun ɗora wa yarinya ɗaya nauyin wakiltar miliyoyin mutane daga ƙasashe da harsuna daban-daban, nauyin da ba a ɗora wa Ellen ko Roseanne ba. Sai dai wannan nauyi daga ƙarancin ya fito. In shiri ɗaya tak ke akwai, dole kowa ya nemi fuskarsa a ciki, dole kuma akasari su rasa. Maganinsa a yi na biyu da na uku. Ku kuwa, da sauran manyan tashoshi, sai kuka janye hannu. Shekara 20 aka yi kafin a sake ganin irin wannan gida a tsakiyar shirin barkwanci na babbar tasha, lokacin da ku ɗin dai kuka fito da Fresh Off the Boat a watan Fabrairu 2015. Yaron da aka haifa ranar da kuka rufe shagon gidan Kim ya shiga jami'a kafin nan.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba iyalin ne matsala ba. Fresh Off the Boat, labarin iyali 'yan asalin Taiwan masu gidan abinci a Orlando, ya yi zango 6. A Kanada, tashar CBC ta ɗauki wasan Ins Choi ta yi Kim's Convenience daga 2016 zuwa 2021, iyali 'yan Koriya masu kantin unguwa a Toronto, kuma a can kanta ce tsakiyar komai: uba a bayanta, unguwa na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Duniya ta kalla. Amma ko a nan tsohuwar cutar ba ta warke sarai ba. Eddie Huang, wanda daga tarihin rayuwarsa aka samo Fresh Off the Boat, ya fito fili ya ce bai gane rayuwarsa a ciki ba. Jean Yoon da Simu Liu na Kim's Convenience, bayan an rufe shirin, sun koka da ƙarancin 'yan Koriya a ɗakin marubuta. Kukan 1994 ne aka maimaita a 2021.

Wataƙila ku tambaya me ya shafi Bahaushe da wannan. A watan Oktoba 1994, daidai lokacin da shirinku ke kan iska, magajin garin New York Rudolph Giuliani ya tashi 'yan tebur daga titi na 125 a Harlem, aka mayar da da yawansu kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Cikinsu akwai mutanen Afirka ta Yamma masu yawa, har da Hausawa da Zabarmawa daga Nijar. Wasunsu sun zauna, sun buɗe shaguna a Harlem da Bronx, sun yi iyali. 'Ya'yansu yau Amurkawa ne, sun tashi a bayan kanta suna yi wa iyayensu tafinta kamar yadda 'ya'yan 'yan Koriya suka yi. Wata rana ɗaya daga cikinsu za ta shigo ofishinku da labarin shagon babanta. Ina tsoron a ce mata labarin ya yi kyau, sai dai a cire sallar da ke sa a rufe shago da rana tsaka, a ɗauko duk wani baƙar fata ya fito a uban, a sa masa wani harshe da ba Hausa ba a ce ai duk Afirka ce, a kuma ce mata ta gyara jikinta.

Ba dole ne a yi haka ba, kuma an ga misali. Lokacin da tashar CBS za ta yi Bob Hearts Abishola a 2019, an kira Gina Yashere, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Landan, don ta ba da shawara. Ba a tsaya nan ba, ta zama cikin waɗanda suka ƙirƙiri shirin, ta yi rubutu, ta fito a ciki, tana da bakin cewa wannan ba haka Bayarabe ke yi ba, a kuma saurare ta. Shirin ya yi zango 5. Bambancinta da mai ba da shawarar da aka ɗauko wa Margaret Cho shi ne iko. Ita tana zaune a teburin da ake yanke hukunci.

Don haka roƙona gare ku kaɗan ne. Duk sanda za ku sake yin shiri a kan baƙi masu shago, ko daga Koriya suke, ko Yaman, ko Habasha, ko Nijar, ku tabbata akwai wanda ya tashi a irin wannan shago cikin masu rubutu, fiye da mutum ɗaya, kuma da ikon hana abin da ba daidai ba. In zangon farko ya yi tangal-tangal, ku ba shi irin lokacin da kuka ba Ellen, ku fara duba rubutu kafin ku kori iyali. Ku rubuta a ƙa'idar aikinku cewa babu ma'aikacin da zai ce wa ɗan wasa ya rage jiki cikin 'yan makonni, ku kuma sanya wurin da wanda aka ce wa haka zai kai ƙara ba tare da tsoron rasa aikinsa ba.

Shi kuwa All-American Girl, duk inda kuka sake nuna shi, a tasha ko a manhajojinku, ku nuna shi cikakke har da kashin ƙarshe, ku haɗa da bayanin abin da ya faru daga bakin waɗanda suka yi shi. Kuma ku ba Margaret Cho haƙuri a bainar jama'a, da sunan tasha, a kan maganar fuskarta da abin da ya biyo baya. Ba ta ɓace muku ba. Ta yi rawa a gasarku ta Dancing with the Stars a 2010, ta fito a shirinku na Dr. Ken, har yanzu tana kan dandamali tana aiki. Kun san inda za ku same ta.

Na gode da kuka karanta.

Naku,
Wani ɗan mai shago